Inda Iska Take Birkicewa

Errol Kleinig ya shekara arba'in yana neman amsar tambaya ɗaya, ni kuma na yi kusan rabin waɗannan shekarun ina huda masa ƙarfe. Sunana Narelle. Aikina a ɗakin gwajinmu na Adelaide shi ne dasa ma'aunan zafi a jikin duk abin da za a harba sama, wayoyi sirara kamar gashin kai, waɗanda in ka yi atishawa kusa da su sai ka sake aikin daga farko.

In baƙo ya tambayi Errol me yake nema, ashana yake kyastawa ya hure, ya ce a dubi hayaƙin. Da farko yana tashi a miƙe, siriri, salin-alin. Can sama kaɗan sai ya murɗe ya hargitse. Haka iskar da ke manne da fatar fuffuken jirgi take yi, wadda kaurinta bai wuce na farce ba. Daga bakin fuffuken tana kwance lumui, sai a wani wuri ta birkice. A jirgin fasinja wannan maganar shan mai ce kawai. Amma abin da ke gudu ninki bakwai na gudun sauti, inda iskar ta birkice zafi yakan hau har ƙarfe ya yi laushi. Kowa ya yarda tana birkicewa. A daidai ina, shi ne abin da ake ta rigima a kai.

Muna da bututun iska a ƙasan gininmu, muna gwaji a ciki, amma ƙugin bangon bututun kansa yana firgita iskar ta birkice tun lokacinta bai yi ba. Ba mafita sai a ɗora fuffuke na gaske a kan roka, a harba shi can sama inda ba hayaniya, a auna shi yana dawowa. An taɓa ba mu wannan dama sau ɗaya, shekarun baya. Rokar ta tashi, ta karkace, ta dawo mana gutsi-gutsi. Ranar Errol ya zauna a kan dutse yana kallon hayaƙi har ya washe.

Lokacin da dama ta biyu ta zo, idanunsa sun fara tafiya. Ciwon da ke cin tsakiyar gani ne, ya bar wa mutum gefe-gefe, har ya zama in zai dube ka sai ya kau da fuska kamar mai jin haushinka. Jami'a ta riga ta sa ranar da zai ajiye aiki. Duk mun san wannan ne harbinsa na ƙarshe, ba wanda ya faɗa dai.

Sai ga rigima ta tashi tsakaninsa da Linh.

Linh Truong ɗalibarsa ce, shi ya yaye ta har ta zama dakta. 'Yar ƙarama ce, mai saurin magana, wadda in tana lissafi ba ta jin sallama. Errol ya lissafa cewa iskar za ta kwanta lafiya har kusan ƙarshen fuffuken. Linh ta ce a'a. Fuffuken namu a karkace yake, ya ja baya kamar na tsattsewa, don haka iskar ba za ta bi shi kai tsaye ba, za ta riƙa zamewa gefe tana murɗewa a ƙasa-ƙasa, kuma wannan murɗiyar za ta birkita ta tun a tsakiya. Da musun baki ne kawai da an bar su. To amma wayoyin da rokar za ta iya ɗauka ƙidayayyu ne, kuma ni zan huda ramukan. In na jera su a baya abin ya faru a tsakiya, mun tashi a banza. In na jera a tsakiya ya faru a baya, duk ɗaya.

Suka same ni a kan teburin aikina, fuffuken na kwance a tsakaninmu.

"Malam, don Allah ka sake duba lissafina," in ji Linh.

"Na duba. Da wannan idon da ya rage na duba, sau biyu. Lissafi ne mai kyau, na makaranta."

"Na makaranta? Kai ka koya mini shi."

"Shi ya sa na san inda yake ɗingishi. Yarinya, tun ba a haife ki ba nake harka da wannan iskar."

"Kuma har yau ba ta gaya maka inda take birkicewa ba."

Na ajiye abin hudata, don na ga kunnuwan Errol sun yi ja. Linh ma ta san ta wuce wuri, amma ba ta janye ba, ta dai sunkuyar da kai tana murza biro. Errol ya ɗauki sandarsa ya fita. Muka ji shi yana sauka matakala a hankali.

"Ke kuwa," na ce mata, "bakinki ba shi da birki?"

"Anti Narelle, in na yi shiru muka rasa, wa zan gaya wa? Shi ba zai sake samun wata ba."

Washegari Errol ya shigo da kofin shayinsa, ya tsaya a kaina. Ya ce in cire kashi ɗaya cikin uku na ma'aunan in jera su a tsakiya, inda yarinyar nan take so. Na ce ya tabbata? Nasa za su yi ƙaranci. Ya ce, "Ki ba ta. In ba ta gani da idonta ba, har kabarina za ta biyo ni da takarda."

Na jera su. Bayan nan na shafa wa fuffuken wani fenti siriri mai canza launi in ya ji wuta, na goge shi har ina ganin haƙorana a jiki. Dole ya zama sumul. Ƙwayar yashi ɗaya a bakinsa ta isa ta birkita iskar tun daga farko, duk wahalarmu ta zama gwajin ƙwayar yashi.

Muka ɗauki hanyar arewa, muka wuce Port Augusta, muka shiga jar ƙasa. Filin harbin yana hannun Darcy Mulvihill, wani ƙaton mutum mai jar wuya wanda bai taɓa yin magana a hankali ba. Shi ke cewa a harba, shi ke cewa a fasa, kuma ba a ja da shi. Ya tarbe mu da dariya.

"Farfesa! Ka dawo ka sake watsa mini ƙarafa a fili?"

"Na dawo in ga ko ka koyi ƙirga baya ba tare da ka tsallake bakwai ba."

Aka ba mu mako biyu, bayan nan wasu ne da filin. Iskar sama ta ƙi. Kullum da sassafe a saki balan-balan na auna iska, a bi shi da na'ura, Darcy ya girgiza kai. Mu koma inuwar rumfa mu gasa haƙarƙarin rago, muna ci da hannu ɗaya muna korar ƙudaje da ɗayan. Ƙudajen wurin ba su da kunya, ido suke nema da hanci da kusurwar baki. Su ne babban tsorona. Ƙuda ɗaya ya sauka a bakin fuffuken ya bar kashinsa, ko roka ta murƙushe shi a wurin lokacin tashi, an gama da mu. Don haka na yi wa fuffuken riga ta farin soso mai tauri, na ɗaure ta da igiya a jikin hasumiyar da ke riƙe da rokar, yadda da rokar ta motsa rigar za ta tsage ta zauna a ƙasa.

Errol da Linh suna gaisawa, suna cin abinci a teburi ɗaya, amma maganar ba ta wuce miƙo gishiri. Da yamma takan karanta masa rahoton yanayi, ya ce na gode, shi ke nan.

Ranar ƙarshe da ta rage mana, balan-balan ya tashi a miƙe kamar an ja shi da zare. Darcy ya cire hularsa ya buga a cinya.

"Yau ce! Kowa ya kama wurinsa."

Muna cikin ɗakin kankaren da ake fakewa lokacin harbi muna duba wayoyi, sai wata guguwa ƙarama, irin masu yawo a filin da hantsi, ta taso daga yamma ta bi ta kan hasumiyar kamar an aiko ta. Ba ta daɗe ba. Da ƙurar ta lafa na duba ta madubin hangen nesa, sai na ga rabin rigar fuffuken yana lilo a jikin igiya, ɗaya rabin yana birgima can cikin ciyayi. Fuffukena tsirara, yana ƙyalli a rana.

"Darcy, sai na hau," na ce.

"Ki hau ina? Rokar nan cike take da mai."

"Ba a haɗa wayar kunnawa ba tukuna. Kai ka faɗa da bakinka."

Ya dube ni, ya dubi agogo, ya dubi Errol. Errol ya riƙe kan sandarsa da hannu biyu. Darcy ya zagi guguwar, ya zagi uwar guguwar, sannan ya zare makullin kunnawa ya rataya a wuyansa.

"Kafin iskar sama ta juya ki sauko. In na ce sauko, ko kina tsakiyar atishawa ne, ki sauko."

"Da me za ki rufe shi?" in ji Linh. "Ba mu da wata rigar."

Idona ya faɗa kan akwatin sanyin Darcy da ke bakin ƙofa, na farin soso, wanda ya cika da giya da ƙanƙara don shagalin bayan harbi. Shi ma ya ga inda nake kallo.

"A'a. Narelle, a'a. Wannan na surukina ne."

Linh ta riga ta kifar da shi. Gwangwanaye suka watse a ƙasa. Muka yanka akwatin da wuƙar burodi, muka jefa a mota, ta ja mu zuwa hasumiyar tana tuƙi kamar an biyo ta.

Muka hau a cikin kejin da ke ɗaga mutum. A sama na tarar da abin da nake tsoro: jar ƙura ta kwanta a kan fentin, ga ƙudaje sun fara taruwa a gefen inuwa. Na jiƙa ƙyalle da sinadarin gogewa na fara sharewa daga baki zuwa baya, a hankali, don in na danna ƙurar za ta karce fentin. Linh ta cire rigarta ta sama tana kaɗawa da hannu biyu, tana yi wa ƙudajen faɗa da harshen iyayenta. Gumi na zubo mini a ido, ba halin in share. Rediyon da ke ƙuguna sai ihu yake.

"Narelle, me kike yi, kitso?"

"Ka yi mini shiru, Darcy."

Na bi bakin fuffuken da tabarau mai ƙara girma, taƙi bayan taƙi. Na sami ɗigo ɗaya baƙi, na ɗauke shi da tsinken auduga. Na sake bi. Sumul. Muka haɗa gutsattsarin akwatin, muka liƙe da salatif ta yadda zai tsage cikin sauƙi, muka ɗaure igiya. Rigar ta fito a karkace, ga sunan surukin Darcy rubuce a jiki da baƙin alƙalami. Kafin mu rufe gefen ƙarshe Linh ta leƙa ciki ta tabbatar ba mu kulle ƙuda ba.





Muka koma ɗakin kankare. Darcy ya sa makulli, ya fara ƙirga baya da muryar nan tasa. Errol ya zauna a gaban allon da ba ya iya gani. Sai ya miƙa hannu gefe, bai juya ba, ya ce, "Linh, zo ki zauna nan. Ki zama idona." Ta ja kujera.

Ƙasa ta girgiza. Ta madubin na ga rigar ta tsage fari fat, rokar ta miƙe a kan wuta, ba karkata ko kaɗan. Ƙarar ta iso mu daga baya, ta daki ƙirji. Linh na karanta masa lambobi: kashin farko na rokar ya rabu, na biyu ya kama, ta wuce inda waccan ta lalace, tana hawa, tana hawa. Errol na gyaɗa kai, leɓensa na motsi. Ta kai ƙololuwa, ta sunkuyar da kai, ta fara dawowa. Nan ne aikinmu yake, 'yan daƙiƙun da za ta tsaga iska tana gudu ninki bakwai na sauti.

"Zafi ya fara hawa a baki," in ji Linh. "Na tsakiya suna kwance. Na baya suna kwance. Malam, duk suna aiki, duka! Yanzu na tsakiya sun fara..."

Allon ya tsaya. Layukan suka miƙe, ba motsi.

"Sun fara me?" in ji Errol.

Mai kula da rediyo ya yi ta murɗe-murɗe. Ba komai sai shuuu. Can da jimawa siginar ta dawo, ta ce mana laimar saukowa ta buɗe, kan rokar yana saukowa a hankali wani wuri arewa maso yamma. Amma daƙiƙun da muka zo dominsu babu su. Daga baya muka gane eriyar ce ta yi zafi ta ɗauke.

Ba wanda ya taɓa gwangwanayen da ke ƙasa. Errol ya cire tabaransa ya goge, ya mayar.

"Akwai akwatin naɗar bayanai a cikinta," na ce. "In bai ƙone ba, komai na ciki."

"In bai ƙone ba," ya ce.

Jirgi mai saukar ungulu ya yi ta zagaye har rana ta karkata, bai ga komai ba. Na'urar da ya kamata ta yi ta kira daga ƙasa ta yi shiru. Filin kuwa ba iyaka, jar ƙasa da gajerun itatuwa da fararen tafkunan gishiri, laima fara a cikinsu ba ta da bambanci da komai. Muka kwana ba daɗi.

Da safe muna shan shayi wayar Darcy ta yi ƙara. Ya saurara, fuskarsa ta canza, ya danna yadda kowa zai ji. Muryar mace ce, a shaƙe, ba alamar wasa.

"Ni ce Bev Hannaford, daga gonar tumaki ta bayan tafki. Wane ne a cikinku ya jefo mini tukunya a kan shinge? Tumakina sun tsallaka, tun asuba nake tattara su."

"Bev, uwar ɗakina," in ji Darcy, "kada ki taɓa ta!"

"In taɓa ta in yi me da ita? Ku zo ku kwashe kayanku, ku zo da filaya."

Muka cika motoci biyu. Tafiyar ta ci rabin yini a kan hanyar da ba hanya ba, Errol a gaba yana riƙe da ƙofa, Linh a baya. Bev ta tarye mu a kan babur mai ƙafa huɗu, tsohuwa busasshiya da hula mai faɗi, karnuka biyu a bayanta. Ta yi gaba muka bi.

Ga shi nan. Laimar ta sarƙe a wayar shinge ta karya turaku uku, kan rokar kuma ya kwanta a kan wani kurmin ciyawa, ya yi baƙi ta gaba. Fuffuken yana sama, bai taɓa ƙasa ba. Tumaki sun kewaye shi suna kallo.

Ni na fara isa. Da na ga fuffuken sai ƙafafuna suka tsaya da kansu.

Daga baki zuwa tsakiya fentin yana nan yadda na goge shi, ya ɗan yi ruwan zuma kawai. Daga tsakiya zuwa baya ya ƙone ya yi baƙi, ya tashi ƙuraje-ƙuraje. Tsakanin biyun kuwa ga layi, a fili, kamar an zana da wuƙa, mai tsini-tsini irin haƙoran zarto, ya ratsa fuffuken daga wannan gefe zuwa wancan. Ya bi ta tsakiyar ramukan da na huda wa Linh.

Linh ta iso ta tsaya kusa da ni. Ta rufe baki da hannu biyu.

"Me kuka gani?" Errol ya ɗaga murya daga baya, yana laluben hanya da sanda tsakanin tumaki. "Kai, ku yi magana mana! Ya ƙone?"

 Linh ta koma ta kamo hannunsa, ta kawo shi, ta durƙusar da shi a gaban fuffuken. Ta ɗora yatsunsa a bakin, inda yake sumul, ta sake shi.

Ya fara ja da yatsun baya a hankali. Santsi, santsi, santsi. Sai suka ci karo da kaushi. Ya tsaya. Ya koma baya ya sake zuwa. Sannan ya bi layin a kwance, yatsansa na hawa yana sauka a kan tsinin nan ɗaya bayan ɗaya, har ƙarshe. Ya auna da tafin hannu daga baki zuwa layin. Ya auna daga layin zuwa inda shi ya ce za a same shi, ya ga tazarar ta fi taƙi guda.

"Haƙoran zarto," ya ce a hankali. "Murɗiyar gefe ce. Ita kaɗai ke barin irin wannan."

"Malam..." in ji Linh.

Sai ya fashe da dariya. Ban taɓa jin Errol ya yi irin wannan dariyar ba, har ya zauna daɓas a cikin kashin tumaki, hawaye na bin kumatunsa. Karnukan Bev suka hau haushi.

"Ga ta! Narelle, kin gan ta? Ga ta nan, na taɓa ta da hannuna! Shekara arba'in ina nemanta can bayan katanga, ashe tana tsakar ɗaki." Ya lalubo hannun Linh ya riƙe gam. "Dakta Truong, kin kayar da ni. Kin kayar da ni ƙasa warwas, kuma wallahi ban taɓa jin daɗin faɗuwa irin na yau ba."

Linh na kuka tana dariya. "Da ba ka ba ni ma'aunan ba fa?"

"Da na mutu da taurin kaina, ke kuma ki yi ta zagina a taro."

Bev ta dube su, ta dube ni. "Lafiyarsu ƙalau kuwa?"

"Ƙalau," na ce. "Abin da suka zo nema ne suka samu."

"To madalla. Shingena fa?"

Ban bari murna ta ɗauke ni ba sai da na kwance murfin ciki. Akwatin naɗin ya yi ɗumi amma ko tabo babu. A nan bayan mota, a inuwar laimar da muka shimfiɗa a kan ƙofofi, Linh ta haɗa shi da kwamfutarta. Komai na ciki, har daƙiƙun da rediyo ya ɗauke. Ta riƙa karanta wa Errol: ma'aunan gaba suna kwance, na tsakiya suka yi tsalle ɗaya bayan ɗaya, zafi ya ninka kusan sau huɗu a tazarar da ba ta kai yatsa ba. Har ana ganin layin yana matsowa gaba sannu a hankali yayin da rokar ke shiga iska mai kauri. Ba wanda ya taɓa samun wannan a fuffuke irin namu, a sararin sama na gaske. Na baya, na Errol, su ma ba su tafi a banza ba, su suka nuna yadda zafin ke daidaita bayan birkicewar, abin da masu ƙera jirage za su fi tambaya.

"Sake karanta mini na tsakiyar," in ji Errol. Ta sake. Ya ce ta ƙara.

Darcy ya kira filin ta rediyo, muka ji ihun mutane daga can kamar an ci ƙwallo. Sannan ya ɗauko filaya da guduma daga mota ya miƙa wa kowa nasa. Muka yi aikin shingen Bev har rana ta yi sanyi, dakta da farfesa da shugaban fili, Bev na tsaye tana nuna mana inda muka karkace. Errol aka ba riƙon turke, yana riƙe yana ta yi wa Linh lissafin abin da za su rubuta, ita kuma tana ja masa waya tana cewa ba haka ba ne, Malam, ba haka ba ne.

Da muka gama Bev ta ce ba mai tafiya da yunwa daga gonarta. Ta kai mu gida ta soya ƙwai da naman rago, ta yanka burodin da ta gasa da safe. Muka ɗauko fuffuken, nannaɗe da bargo, muka kwantar da shi a kan doguwar kujerar falonta, don na ce ba zai kwana a mota ba. Mijinta ya shigo daga kiwo, ya tarar da baƙi cike da gida, ga wani abu lulluɓe a inda ya saba zama. Ya ɗaga bargon ya leƙa, ya mayar, ya je ya jawo kujerar roba daga baranda ya zauna, ya ce a miƙo masa gishiri.